Hirar Masu Son Tsofaffin Fina-finai: Darasi ga Mai Koyon Malanta

Kowace sha'awa da mutanenta, kowaɗanne mutane kuwa da irin hirarsu. Masu son ƙwallo in sun haɗu zancen ƙwallo su ke yi, manoma kuwa zancen damina. Akwai waɗansu kuma, ba su da yawa amma ba su gajiya da magana, waɗanda abin sha'awarsu shi ne tsofaffin fina-finan Turawa da wasannin kwaikwayon nan da a kan haɗa magana da waƙa da rawa a cikinsu. Ni ma ina cikinsu. Mai wucewa in ya ji mu sai ya ce ɓata lokaci mu ke yi, gama gardamarmu duka a kan wasannin da aka yi tun ba a haifi iyayen waɗansunmu ba ce. Amma ni na ga hirar nan tana da amfani ƙwarai ga wanda ke koyon aikin malanta, domin uku daga cikin wasannin da aka fi ambata labarin malamai ne da 'yan makarantarsu. Abin da na ke so mu duba tare ke nan.

Irin wasan da mu ke magana a kai

Wasan waƙa irin wannan ya kan fara ne a kan dandamali, gaban jama'a, a gidajen wasa na unguwar Broadway cikin birnin New York na Amurka, ko kuwa a Landan. In ya karɓu sai a yi ta maimaita shi dare bayan dare har shekaru, sa'an nan masu yin fim su saye shi su ɗauka, domin mutanen nesa su gani. Ga ukun da na ambata.

Na fari The King and I, watau Sarki da Ni. Richard Rodgers ya tsara kiɗan, Oscar Hammerstein ya rubuta kalmomin. An fara shi a dandamali cikin 1951, fim ɗinsa ya fito 1956. Labarin wata malama ce, Anna, wadda ta tafi koyar da 'ya'yan Sarkin Siyam, ƙasar da a ke kira Tailan yanzu.

Na biyu My Fair Lady, aikin Alan Jay Lerner da Frederick Loewe. An fara shi 1956, aka yi shi sau 2,717 a Broadway kafin a rufe, fim ɗinsa kuwa ya fito 1964. Asalinsa wasan Pygmalion ne na George Bernard Shaw, wanda aka fara nunawa 1913. Labarin wani shehin malamin furuci ne, Higgins, wanda ya ci alwashin cewa cikin wata shida zai gyara bakin wata yarinya mai tallar furanni a titin Landan, Eliza, har a ɗauke ta 'yar manyan mutane ce.

Na uku The Sound of Music, shi ma na Rodgers da Hammerstein, shi ne kuwa aikinsu na ƙarshe tare, gama an fara shi 1959, Hammerstein ya rasu 1960. Fim ɗin ya fito 1965. Labarin Maria ne, wadda aka aika daga gidan sistoci ta koyar da 'ya'ya bakwai na Kyaftin von Trapp a birnin Salzburg na ƙasar Ostiriya.

Muryar wa mu ke ji?

Da wuya a yi hira irin wannan ba a taɓo maganar murya ba. Wani zai ce, "Kai, ba a taɓa yin mai zaƙin murya kamar Audrey Hepburn cikin My Fair Lady ba!" Nan da nan wani zai tare shi ya ce, "Haba abokina, ai ba ita ce ta rera ba." Shi kuwa ke da gaskiya. Yawancin waƙoƙin Eliza cikin fim ɗin wata mawaƙiya ce mai suna Marni Nixon ta rera su, aka ɗora muryarta a kan fuskar Hepburn. Ita ce kuma ta rera wa Deborah Kerr cikin The King and I, ta rera wa Natalie Wood cikin West Side Story a 1961. Duk cikin ukun nan ba a rubuta sunanta cikin jerin masu aikin fim ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai cikin The Sound of Music aka ga fuskarta, tana ɗaya daga cikin sistocin. Ta rasu 2016.

Daga nan hira ta kan koma kan Julie Andrews. Ita ce ta yi Eliza a dandamali tare da Rex Harrison, amma da aka zo yin fim, mai kamfanin, Jack Warner, ya ga ba a san ta a silima ba, sai ya ba Hepburn. Andrews ta tafi ta yi Mary Poppins, wanda shi ma ya fito 1964, ta kuwa ci lambar Oscar ta gwanar 'yan wasa da shi, Hepburn ko cikin 'yan takara ba a sa ta ba. Masu son Andrews su kan ce alhaki ne, masu son Hepburn su ce ba laifinta ba ne, aiki aka ba ta ta yi. Ni ina ganin na biyun sun fi kusa da adalci.

A Indiya ba haka al'adar ta ke ba. Can kowa ya san ɗan wasa motsa baki ya ke yi, an kuma san mawaƙin da sunansa. Lata Mangeshkar, wadda ta rasu 2022, ta fi yawancin matan da ta rera wa suna. Fina-finan Hausa ma wannan hanya su ka bi. Darasin malami a nan a fili ya ke. A kowane aji akwai yaron da ya tsaya gaba aka tafa masa, akwai kuma wanda ya rubuta abin da aka karanta, ko ya zana taswirar, ko ya ɗinka tufar wasan. In malami bai ambaci na biyun ba, ya koya wa ajin duka cewa aikin ɓoye ba shi da lada.

Malaman nan uku

Gardama ta biyu ita ce wadda ta fi shafarmu, watau wane ne gwanin malami cikin ukun. Mu fara da Higgins. Ilmi kam yana da shi, har Shaw da kansa ya ce ya ɗauko wani abu na halinsa daga Henry Sweet, wani masanin furuci na Ingila. Cikin fim ya sa Eliza maimaita wasula tun safe har tsakar dare, ya cika mata baki da ƙananan duwatsun wasa ya ce ta yi magana, yana zaginta kamar ba mutum ba. Ta kuwa koya, ta ci jarrabawar a wani babban biki. Amma da su ka komo gida, shi da abokinsa Kanar Pickering su ka shiga yaba wa juna, ba wanda ya dube ta. Ta yi fushi ta jefe shi da takalmansa, ta bar gidan. Daga baya ta bayyana cewa ladabin da ta koya wurin Pickering ta same shi, domin shi tun ranar fari ya kira ta da girmamawa. Ashe mutum ya na iya cin nasarar darasi ya yi hasarar ɗan makaranta. Masu hira su kan yi musu a kan ƙarshen labarin, domin wasan waƙa ya mai da ita gidan Higgins, alhali kuwa Shaw ya rubuta cewa saurayin nan Freddy ta aura ta buɗe kantin furanni.

Anna kuwa ta fara da neman sanin yaran kafin ta cika su da karatu, wannan kuwa daidai ne. Akwai wurin da ta kawo sabuwar taswirar duniya, yaran su ka ga Siyam ƙarama ce, su ka ƙi yarda, sai ta nuna musu Ingila ta fi ta ƙanƙanta. Dabara ce mai kyau: in za ka faɗi gaskiyar da ke da ɗaci ga yaro, ka nuna masa kai ma ta shafe ka.

Maria ta tarar da gida inda uba ke kiran 'ya'yansa da usur kamar sojan ruwa. Ta ƙi usur, ta riƙe sunayensu. Da ta zo koya musu waƙa ba ta fara da doguwar waƙa ba, sai da ƙananan muryoyin nan, do, re, mi, ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan ta nuna musu yadda a ke haɗa su. Wannan hanya tsohuwa ce. Tushenta wurin Guido na Arezzo ne a Italiya cikin ƙarni na 11, John Curwen ya yaɗa ta a Ingila cikin ƙarni na 19, 'yan mishan su ka kawo ta makarantun ƙasarmu. Da ita aka koya mini waƙa tun ina ƙarami. Ita ce dai ƙa'idar da malamanmu ke nanata mana a nan kwaleji, a fara da mai sauƙi a tafi ga mai wuya.

Gaskiya da ado

Gardama ta uku ita ce ko abin ya faru da gaske. A nan ne mai hira ya ke bukatar karatu, gama biyu daga cikin labarun nan na mutanen da su ka rayu ne.

Anna Leonowens ta yi koyarwa a fadar Sarki Mongkut daga 1862 zuwa 1867. Fim ya nuna sarkin kamar mai taurin kai wanda sai Baturiya ta waye masa kai. Tarihi kuwa ya nuna ya yi shekara 27 cikin zuhudun addinin Buda kafin ya hau gadon sarauta a 1851, ya koyi Turanci da Latin da ilmin taurari, har ya ƙididdige husufin rana na 18 ga Agusta 1868 ya faɗi daidai. Zazzaɓin sauron da ya kamu da shi a tafiyar kallon husufin ne ajalinsa cikin shekarar nan. Anna ta riga ta bar ƙasar, saboda haka ba ta zauna kusa da shi lokacin mutuwarsa ba kamar yadda fim ya nuna. Hukumar Tailan ta hana nuna fim ɗin don ta ga cin mutunci ne ga sarkinsu. Yul Brynner ya ci Oscar da rawar sarkin, ya kuma yi ta a dandamali sau 4,625, amma yawan maimaitawa ba ya mai da ado tarihi. Mu da aka daɗe ana ba da labarinmu da bakin waɗansu, ya kamata mu fi kowa gane zafin mutanen Tailan.

Haka labarin Maria. Ta shiga gidan von Trapp 1926 don ta koyar da yarinya ɗaya da ke jinya, ta auri Kyaftin 1927, shekara 11 kafin Jamus ta haɗiye Ostiriya a 1938. Fim ya matse wannan duka kamar cikin 'yan watanni. Ba su kuma hau duwatsu da ƙafa su ka tsallaka Suwizalan ba, jirgin ƙasa su ka shiga zuwa Italiya, daga baya su ka zauna a Amurka. Wanda ya duba taswira zai ga Salzburg bakin iyakar Jamus ta ke, da sun bi dutsen nan da hannun waɗanda su ke gudu za su faɗa. Waƙar Edelweiss ma, wadda mutane da yawa ke tsammani tsohuwar waƙar Ostiriya ce, don wasan aka rubuta ta a 1959.

Ba ina cewa a daina kallo ba ne. Mai wasa yana da izinin yin ado, kamar mai tatsuniya. Malami ne ba shi da izinin shiga aji da ado ya kira shi tarihi, domin yaro abin da ya ji daga bakin malaminsa shi ya kan riƙe har tsufa.

Abin gwadawa

Ina ba 'yan'uwana da za su fita koyarwar gwaji shawara su jarraba wannan. Ku ba yara labarin gudun iyalin von Trapp yadda fim ya kawo shi, sa'an nan ku shimfiɗa taswirar Turai ku ce su nemo Salzburg da Suwizalan da Jamus da kansu. Kada ku faɗa musu amsar, ku bar su su gano. Bayan haka ku bar su su yi hira biyu biyu na minti 10, kowa ya kawo hujjarsa, gama yaron da ya iya musu da hujja cikin ladabi ya sami abin da ya fi haddar shekaru.

Ga kuma tambayoyi uku don mu tattauna a ɗakunan kwananmu.

1. Da kai ne Higgins, me za ka ce wa Eliza daren da ta ci jarrabawa?

2. A makarantar da ka fito, wane ne ke aikin Marni Nixon, an kuwa taɓa ambatar sunansa gaban taro?

3. Wane labari ka sani na garinku wanda baƙo ya bayar ba daidai ba, ta yaya kuma za ka gyara shi a aji ba tare da zagin baƙon ba?

Wanda ya ke da wata amsa, ko ya ga Higgins ya fi yadda na kwatanta shi, sai ya rubuto wa edita, mu ji ta bakinsa a fitowa ta gaba.