Tambayar da Ake Tsallakewa a Ɗakin Awo

'Yata, na ji an turo ki aikin awon ciki a nan Dogo Nini ta Potiskum bayan kin gama makarantar Shehu Sule ta Damaturu. Allah ya yi jagora. Gwajin jini da duba kwanciyar yaro duk an koya miki. Abu guda nake so ki ƙara, wato tambayar taba.

Za ki ce matan Potiskum ba sa shan sigari. Gaskiya ne, kaɗan ne ƙwarai, su ma a ɓoye. Amma taba ba ta tsaya ga karan sigari ba. Akwai amaren da suka saba da shisha tun suna 'yan mata, suna ganin tunda hayaƙin ya bi ta ruwa yana ƙamshin tuffa, ba komai. Ruwan nan ba ya tace gubar, gawayin da ke saman tukunyar ma ƙara tasa yake yi. Akwai masu cusa taba gari a leɓe, wai maganin ciwon haƙori. Waɗanda suka fi yawa kuwa ba su taɓa sha ba. Maigida ne zai dawo daga kasuwar shanu ko daga doguwar tafiya, ya zauna bakin gado ya kunna, ƙofa a rufe saboda hunturu.

Ki san abin da za ki faɗa musu a sauƙaƙe. Nikotin yana tsuke jijiyoyin da ke kai jini ga mabiyya. Cikin hayaƙin kuma akwai iska mai guba marar wari, irin ta janareta, wadda ke kama jini fiye da iskar numfashi sau 200 da ɗoriya. Sai yaro ya tashi da ragaggen abinci da ragaggiyar iska. Daga nan ɓari yake zuwa, da bakwaini, da rabuwar mabiyya, da jaririn da bai kai kilo 2.5 ba. Wata za ta ce miki ai ƙaramin yaro ya fi sauƙin haihuwa. Ki ce mata wahalar tana jiranta a jego, gun yaron da ba ya iya kama nono, ba ya riƙe ɗumin jiki.

Tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa yi wa mai ciki wannan tambaya a kowane zuwa awo. Sai dai yadda za ki yi ta ya fi komai. Kada ki yi ta a kan benci, gaban kishiya ko uwar miji. Ki ja labule, ki sassauta murya, ki fara da gida: "Akwai mai shan taba a ɗakinku?" In ta saki jiki, sai ki zo kanta. Kowa ki tambaya, har matar malam, don kada wata ta ga an ware ta. Ranar da kika ɗaure fuska kika ce "ke da ciki?", ba za ta daina ba, awon za ta daina zuwa.

In ta amsa, ku sa ranar bari tare. Ki gaya mata cikin kwana ɗaya zuwa biyu iskar nan mai guba take fita daga jininta, kwaɗayin kuma mintoci yake yi ya lafa. In ta koma, ku sake sa rana. Maganin daina taba kuwa, ki bar wa likita.

Maigida fa, kada ki aiki matarsa ta yi masa faɗa, kin san inda hakan ke ƙarewa. Dokar taba ta 2015 ta hana sha a wuraren taruwar jama'a, amma ba ta shiga ɗakin kwana. Ki sa a kira shi, ki girmama shi, ki tuna masa yana wuni cur da azumi bai kunna ba. Ki roƙe shi ko bai bari ba ya fita waje, har bayan suna da arba'in, don lokacin ne ɗaki yake a rufe, ga kaskon wuta, ga jariri kwance.