Da Gaske Ne Zinare Na Maganin Ciwon Daji?

Wata 'yar uwa daga Kubwa, Abuja, ta rubuto cewa mahaifiyarta na karɓar allurar kemo saboda sankarar mama. Gashinta ya zube, ga yawan amai. Ta ji an ce akwai ɓurɓushin zinare da ke kai magani kan ciwon kai tsaye, shi ne take son sanin gaskiyar maganar.

Allah ya ba Mama lafiya, 'yata, na kuma ji daɗin tambayar nan. Kemo yana kai hari ne kan duk ƙwayar halitta mai saurin hayayyafa, bai bambance ta ciwo da ta saiwar gashi ko ta hanji ba. Shi ya sa masana ke neman ɗan aiken da ya san gida.

Ɓurɓushin nan ƙanana ne ainun. Da nanomita ake auna su: kaurin silin gashi ɗaya ya kai nanomita 80,000, su kuwa galibi ba su wuce 100 ba. Idan zinare ya ƙanƙance haka har launinsa yake sauyawa, ki ga ruwan cikin kwalba ya yi ja kamar zoɓo. Sai a liƙa masa magani, tare da wani sinadari mai gane ƙwayar daji. Jijiyoyin jinin ƙari suna da ƙofofi kamar rariya, ta nan ɓurɓushin ke zurarawa ciki. Kin ga ashe zinaren abin hawa ne kawai, an zaɓe shi don ba ya tsatsa.

A nan Abuja ma an taɓa aikin. Farfesa Wole Soboyejo da abokan bincikensa na jami'ar AUST da ke Galadimawa da cibiyar kimiyya ta Sheda sun haɗa irin wannan ɓurɓushi da ruwan ganyen tafashiya. Ganyen dai kayan haɗi ne a ɗakin gwaji, shan sa ba ya warkar da daji.

Sai dai da sauran tafiya. A 2016 masana a Toronto ta Kanada sun tattara gwaje-gwajen da aka yi kan dabbobi, suka ga kusan kashi 0.7 cikin ɗari na ɓurɓushin da aka yi musu allurarsa ne kacal ke isa ƙarin, yawancinsa hanta da saifa ke tarewa. Maganin zinaren yana matakin gwaji har yanzu.

Duk wanda ya tallata miki "ruwan zinare", riƙe kuɗinki. Ki faɗa wa likita batun aman, akwai maganinsa, kuma kada Mama ta tsallake ranar allurarta ko ɗaya.