JE KA DAWO GOBE: DARASI A KAN LADABIN AIKIN OFIS

Babu maganar da ta fi ɓata wa mai zuwa ofishin gwamnati rai kamar a ce masa, "Je ka dawo gobe." Mai bi mata ita ce, "Mai kujerar ba ya nan." Ta uku kuwa, "Ba a ga fayil ɗinka ba." Duk wanda ya taɓa bin sawun takarda, ko a Sakatariyar Tarayya da ke Abuja, ko a wani ƙaramin ofis a babban birnin jiha, da wuya a ce bai ji ɗaya daga cikinsu ba. Su kansu ma'aikatan ba su tsira ba, domin ƙarin girmansu da kuɗin hutunsu duk ta cikin fayil suke bi. Manufar wannan darasi ita ce a nuna cewa yawancin wannan ɓacin rai daga ƙananan halaye yake tasowa, waɗanda kowane ma'aikaci zai iya gyarawa a bisa teburinsa ba tare da an kashe ko kwabo ba.

TSOHON CIWO NE

An daɗe ana neman maganin wannan ciwo. A 1972 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar duba aikin gwamnati a ƙarƙashin Cif Jerome Udoji, wadda ta miƙa rahotonta a 1974. Daga nan aka sami tsarin matakan albashi daga mataki na 1 zuwa na 17, da ƙarin albashin nan da har ya ci sunan Udoji. Rahoton ya kuma ba da shawara a riƙa auna ma'aikaci da abin da ya aikata, amma ƙarin kuɗin ne ya fi zama a zukatan mutane.

A 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta sallami ma'aikata fiye da 10,000 bisa zargin lalaci da rashin gaskiya da makamantansu. A 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta ƙaddamar da Yaƙi da Rashin Ɗa'a, wanda kashinsa na farko ya shafi bin layi, na biyu kuma ɗa'ar aiki. A 2004 gwamnatin Cif Olusegun Obasanjo ta kafa shirin SERVICOM, wato alkawarin da ma'aikatu suka ɗauka na yi wa jama'a hidima cikin lokaci da mutunci.

Abin lura shi ne, an gwada ƙarin albashi, an gwada kora, an gwada horo, an gwada alkawari, amma har yau ana jin "je ka dawo gobe." Doka tana iya zaunar da mutum a kan kujera, amma ba ta iya buɗe masa fayil. Wannan aikin halinsa ne.

YADDA TAKARDA KE TAFIYA

Kafin a gane inda jinkiri ke shiga, ya kamata a san hanyar da takarda ke bi. Idan wasiƙa ta iso ma'aikata, ɗakin rajista take fara sauka. Can akawu zai buga mata hatimin kwanan wata, ya rubuta ta a littafin karɓa, ya nemo fayil ɗin da ya dace da ita, ya sa ta a ciki, ya ba ta lambar shafi. Daga nan masinja ya kai wa jami'in da abin ya shafa. Shi kuma ya rubuta ɗan bayani da shawararsa, ya tura wa na gaba da shi, har ta kai ga wanda ke da ikon yanke hukunci. Sa'an nan ta komo ta wannan hanya a rubuta amsa. Duk sa'ad da fayil ya bar wani tebur zuwa wani, wajibi ne a rubuta a littafin fita da shiga, domin a san inda yake.

Akwai wasu haruffa da jami'ai ke rubutawa a fayil. B.U. tare da kwanan wata na nufin a sake kawo shi ran nan. P.A. na nufin an gama, a mayar da shi ma'aji. K.I.V. kuwa na nufin a dakata, amma kada a manta da shi. Wannan na ƙarshe shi ya fi cin amana, domin fayil ɗin da aka ce a dakata da shi ba tare da an yanka masa rana ba, sau da yawa ƙura ce ke gaje shi.

Yanzu ofisoshi da dama sun fara ajiye fayil a kwamfuta. Wannan ci gaba ne, amma hanyar ba ta sake ba. Saƙon da ba a buɗe ba a kwamfuta daidai yake da fayil ɗin da aka kulle a durowa.

KOWANE FAYIL MUTUM NE

A ɗauki misali. A ce takarda za ta bi tebur shida. Idan kowane jami'i ya gama da ita a ranar da ta zo masa, cikin kwanakin aiki shida an kammala. Idan kuwa kowa ya bar ta ta yi mako guda a gabansa, ta ci wata ɗaya da rabi. Ba wanda zai ga ya yi laifi, kowa zai ce mako guda kurum ta yi a wurinsa.

To, a ce takardar ta wata mata ce da mijinta ya rasu yana bakin aiki, ta taso daga gari mai nisa neman haƙƙinsa. Ta ciwo bashin kuɗin mota, ta bar marayu a hannun maƙwabta. Ta iso aka ce mai kujerar ya fita, ba a kuwa san sa'ad da zai komo ba. Kashegari aka ce ana taro. Ran na uku aka ce takardar shaidar rasuwa ba ta cikin fayil, abin da tun ran farko da an buɗe an gaya mata. A wurin ma'aikaci "gobe" kalma ce mai sauƙin faɗi. A wurinta kuɗin masauki ne, da abinci, da wani sabon bashi.

LADABIN MA'AIKACI GA JAMA'A

Na farko, kiyaye lokaci. Lokacin aiki a ma'aikatun Tarayya daga ƙarfe 8 na safe ne zuwa ƙarfe 4 na yamma, Litinin zuwa Juma'a. Wanda zai tashi domin salla ko cin abinci, ya gaya wa abokin zamansa inda ya tafi da sa'ad da zai komo. Rataye hula ko kwat a kujera domin a zaci mutum yana nan, alhali yana can yana sabgar gabansa, yaudara ce.

Na biyu, kyakkyawar tarba. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Idan dattijo ya yi sallama, a amsa, a ɗaga kai a dube shi, a ce, "Sannu da zuwa Baba, ga wuri zauna. Me ke tafe da kai?" Ba ya kyautuwa a bar mutum tsaye ana latse-latsen waya ko ana hirar ƙwallo. Wanda ba ya jin Turanci a yi masa magana da harshen da yake ji, ko a nemo mai fassara, kada a mai da shi abin dariya.

Na uku, cikakken bayani. A gaya wa mutum dukkan takardun da ake bukata a zama ɗaya. Idan abin ba zai yiwu yau ba, a faɗi dalili, a kuma yanka ranar gaskiya. Idan ba ofishin ba ne, a kwatanta masa inda zai dosa.

Na huɗu, adalci. Wanda ya riga zuwa shi ake fara saurara, ko daga wace jiha ya fito, ko wane addini yake bi. Riƙe fayil domin a tilasta wa mai shi ya ba da goro cin hanci ne, kome sunan da aka laƙaba masa.

Waɗannan ba alfarma ba ne. Dokokin Aikin Gwamnati sun lissafa yawan makara, da barci a bakin aiki, da jinkirta takardar hukuma da gangan, da talla a cikin ofis, da rashin ladabi ga jama'a a cikin laifuffukan da ake ba ma'aikaci takardar tuhuma a kansu. Ɓoye fayil, da karɓar rashawa, da ƙin zuwa aiki ba da izini ba, suna cikin manyan laifuffuka waɗanda ke iya kai mutum ga kora.

ZAMA DA ABOKAN AIKI

Zo mu zauna, zo mu saɓa. Mutane biyar ko shida a ɗaki guda, sa'a takwas kullum, dole a sami abin da zai sosa rai. Wani ya ari alƙalami bai mayar ba. Wani ya ɗaga murya a waya. Wani ya ci abinci a bisa takardun hukuma ya bar musu maiƙo. Wata ta mai da teburinta kanti. Wani ya kira taron ƙarfe 10 ya iso tsakar rana. Wani kuma ya tafi hutu da mabuɗin kabad a aljihunsa. Ƙanana ne, amma su ke taruwa su zama gaba, gabar kuwa a kan fayil ɗin jama'a take hucewa.

Maganinsu ba wuya. Wanda zai tafi hutu ko aka yi masa canjin wurin aiki, ya rubuta takardar miƙa aiki, ya jera abin da ya gama da abin da ya rage, ya miƙa mabuɗai. Sirrin da aka gani a fayil ɗin wani amana ne, ba a kai shi wurin mai shayi.

Babba ya tuna cewa na ƙasa da shi kallonsa suke. Shugaban da ke isowa ƙarfe 11 ba shi da bakin tsawata wa wanda ya zo ƙarfe 9. Idan ƙarami ya yi kuskure, a kira shi gefe a gyara masa, ba a gaban baƙi ba. Masinja da direba da mai shara ma'aikatan gwamnati ne, ba barorin gidan kowa ba. Shi kuma ƙarami, idan ya ga kuskure a umurnin da aka ba shi, ya faɗa cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, ga abin da na lura da shi a shafi na kaza." Yin shiru a gaban shugaba, sa'an nan a koma baya ana gunaguni, ba biyayya ba ce.

HAƘƘIN MAI ZUWA OFIS

Shi ma mai bukata yana da nasa. Ya zo da takardunsa cikakku, ya riƙe kwafinsu, ya nemi a buga masa hatimin karɓa a bisa kwafin, ya rubuta lambar fayil ɗinsa ya adana. Ya bi layi, kada ya yi zagi, kada kuma ya miƙa abin da ba a tambaye shi ba, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Idan aka wulakanta shi ko aka ƙi sauraronsa, akwai hanyoyi. Yana iya kai kuka ga shugaban sashen, ko ga teburin SERVICOM na ma'aikatar. Akwai Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975, tana da ofisoshi a jihohi, ba a kuma biyan ko kwabo kafin ta karɓi kuka. Har wa yau, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa wa wanda ya nemi bayani, ko da yake akwai bayanan da dokar ta keɓe.

KAMMALAWA

Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Bisa ƙa'ida, yawancin ma'aikatan gwamnati suna ajiye aiki ne idan sun cika shekara 60 da haihuwa, ko shekara 35 a bakin aiki. Ran nan mai kujera zai tsallaka ɗaya gefen teburin, da takardunsa a hannu, ya tsaya a gaban yaron da ya koyi aiki a wurinsa. Irin tarbar da ya koya masa ita zai samu.

TAMBAYOYI

1. Waɗanne matakai takarda ke bi daga isowarta ofis zuwa rubuta amsa?
2. Me ya sa ya kamata a yanka wa fayil ranar da za a sake duba shi?
3. Me ake bukata daga ma'aikacin da zai tafi hutu?
4. Ina ne wanda aka zalunta a ofis zai kai kukansa?
5. Kowane ma'aikaci ya dubi teburinsa: wane fayil ne ya fi daɗewa a kai, kuma wa ke jiransa?