AN ƊAURE MUTUM ƊAYA, GIDA DUKA YA ƊAURU

Wurin karatu: Farawa sura 40, 2 Timoti 1:15-18, Ibraniyawa 13:3

Ya ɗan'uwa mai karatu, daga Kiyeshe zuwa Dogon Dutsi ba nisa. Amma ka tambayi matar da mijinta yake gidan kaso a can, za ta gaya maka hanyar nan ta fi ta Yamai tsawo.

Bari mu ɗauki misali. A ce jandarmomi sun kama wani magidanci ana dab da shuka. Wataƙila faɗa ne a bakin gona da makiyayi, ko kuwa man fetur aka same shi da shi daga Nijeriya. Ko ya yi laifin ko bai yi ba, wannan aikin alƙali ne. Mu gidansa za mu leƙa.

Ruwan shuka ba ya jiran shari'a. An yi ruwa, maƙwabta sun fita da sungumi, gonarsa tana kwance. Matar ta shuka abin da ta iya tare da yara, amma noman fari ya fi ƙarfinsu. Ga kuma wata ɗawainiya sabuwa: abincin kaso ba ya ƙosar da mutum, sai a kai masa daga gida, da sabulu, da magani in ya yi ciwo. Kowace tafiya da kuɗin mota. Akuya ta fara tafiya kasuwa, tunkiya ta bi ta. In abin ya daɗe, sai a ba da gona jingina. Wanda ya taɓa ba da gona jingina ya san wuyar fansarta.

Daga nan abin ya sauka kan yara. Babban ɗa, wanda malaminsa yake yabo, ya bar makaranta domin ya riƙe hauya. Bayan kaka ya tafi cin rani Kamba ko Ikko, ko ya bi samari zuwa haƙar zinariya a arewa, inda mutane suka yi ta kwarara tun da aka same ta a Jado a 2014. Yarinya kuwa, aka ce a rage baki a gida, aka ba da ita aure kwananta bai kai ba. Alƙali ya yanke wa uban shekara 2, amma yaron nan ba zai ƙara komawa aji ba har abada. Wa ya yanke masa wannan hukunci?

Akwai kuma abin da ya fi yunwa ciwo, wato kunya. Mata su yi shiru a bakin rijiya sa'ad da matar ta iso. Yara su kira ɗanta ɗan fursuna. Mai neman 'yarta ya janye. Har a cikin ikilisiya, sai ka ga tabarmar da take zaune ta yi faɗi. 'Yan'uwa, wannan ba daidai ba ne. Ku karanta Ezekiyel sura 18, za ku ga Allah ba ya ɗora wa ɗa alhakin ubansa. Mu su wane ne da za mu ɗora?

Ku duba mutum biyu cikin karatunmu. Na fari mai shayar da Fir'auna. Ya zauna kurkuku tare da Yusufu, ya san ɗacin wurin, Yusufu kuma ya roƙe shi ya tuna da shi. Da ya fita sai ya manta, har shekara 2 cif. Bai zagi Yusufu ba, bai yi masa ƙarya ba. Mantuwa kaɗai ya yi, ta kuwa isa. Na biyu Onisifaras. Sa'ad da Bulus yake ɗaure a Roma, mutanen Asiya suka juya masa baya. Onisifaras bai ji kunyar sarƙar ba. Ya shiga babban birnin nan ya yi ta cigiya har ya same shi. Ku lura, da Bulus ya tashi sa albarka, gidan Onisifaras duka ya roƙar wa jinƙai. Ina tsammani Bulus ya san irin wannan tafiya ba mutum ɗaya take ci ba, iyalinsa ma sun biya nasu rabo.

To, me za mu yi? Na fari dai gayya. Kakanninmu a Arewa ba su bar gonar majinyaci ta mutu ba. Gonar ɗaurarre ma haka. Samari 10 da safiya ɗaya sun isa su tsare rumbun gida, rumbun kuma shi zai tsare yaro a makaranta. Wannan ya fi dogon jaje.

Sai gaskiya ga yara. Iyaye da yawa sukan ce, “Baba ya yi tafiya.” Nufinsu alheri ne, amma ƙauye ba ya ɓoye magana. Yaron zai ji a bakin abokan wasa, ya rasa uba, ya kuma daina amincewa da uwa. Gara ya ji a ɗaki, da murya mai sanyi, gwargwadon hankalinsa.

Ku kuma san abin da doka ta ba ku, gama rashin sani yana cinye dabbobi da yawa. A laifi na yau da kullum, dokar Nijar ta ba jandarma ko ɗan sanda awa 48 ya tsare mutum, mai gabatar da ƙara yana iya ƙara wasu 48, daga nan sai gaban shari'a. A 2011 aka yi dokar kafa hukumar taimakon shari'a ta ƙasa, wadda ake kira ANAJJ, domin talaka ya sami bayani kyauta, wani ma a ba shi lauya. Ana samun ofishinta a manyan kotuna, kamar ta Doso. Kafin ku sayar da saniya ku ba wani mai cewa ya san hanya, ku fara zuwa can ku tambaya.

Ziyara kuwa ba alfarma ba ce. A 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idodin kula da ɗaurarru, cikinsu har da cewa a bar ɗaurarre ya riƙa saduwa da iyalinsa, a kuma tsare shi kusa da gida in da hali. An sa wa ƙa'idodin sunan Nelson Mandela na Afirka ta Kudu, wanda ya yi shekara 27 a ɗaure. Mahaifiyarsa ta rasu a 1968, babban ɗansa ya rasu a 1969, ba a bar shi ya je jana'izar ko ɗaya ba. Idan matar ba ta da kuɗin mota, dattawan ikilisiya su raba makonni tsakaninsu. Wanda zai je kasuwar Dutsi ya ɗauki ƙullin garin fura ya biya. Ya kai labarin gida: hatsi ya yi bununi, yarinya ta fara tafiya. Irin wannan labari yana riƙe mutum da rai.

Ranar fita ma tana da tata wahala, wani lokaci kuma takan zo ba shiri. A watan Maris 2020, saboda annobar korona, shugaba Mahamadu Isufu ya yi wa ɗaurarru 1,540 afuwa a lokaci ɗaya. Mutum ya komo ya tarar matarsa ta saba yanke shawara ita kaɗai, ƙaramin ɗansa yana ɓuya bayan zanen uwa, ga bashi yana jira. Shi kuma ya saba a ce masa tashi, a ce masa kwanta. Kada ku yi mamaki in ya cika shiru ko saurin fushi. Idan ya cuci wani, dattawa su raka shi ya nemi gafara, ya biya abin da zai iya. Sa'an nan a ba shi aiki a hannu tun makon fari: a ranta masa iri, a kira shi gayya, a matsa masa wuri a tabarma ran Lahadi.

Kafin ku rufe wannan takarda, ku zauna da mutanen gidanku ku ƙidaya gidajen unguwarku da suke da wani a kaso. Wa ya nome gonarsu bana?