Dutsen Shaho: Yadda Lissafi Ya Ceci Tsuntsaye

Kowa ya san shirwa, ya kuma san ɓarnar da ta ke yi wa mai 'yan tsaki. Saboda haka da yawa cikinmu ba su ga amfanin shaho da danginsa ba. Mutanen Amurka ma dā haka su ke gani. To, ga labarin yadda suka sake shawara.

A ƙasar Amurka akwai wani lardi ana ce da shi Fensilfaniya. Cikin lardin nan akwai wani tsauni mai tsawon gaske, wani sashe nasa ana kiransa Dutsen Shaho. Can ƙasar sanyi ce ƙwarai. In kaka ta yi, watau daga watan Agusta zuwa Disamba, sai abinci ya yi wa tsuntsaye wuya a arewa, su tashi su nufi kudu. Waɗansu har Amurka ta Kudu su ke zuwa, ba su komowa sai sanyi ya wuce.

Me ya sa su ke bin tsaunin nan? Ka lura da ungulu da tsakar rana, yadda ta kan shimfiɗa fikafikanta ta yi ta kewaya sama ba ta kaɗa su. Iska mai hawa sama ita ke ɗauke da ita. To, in iska ta buso daga arewa maso yamma ta bugi tsauni, ba ta da hanya sai ta hau bisa. Shaho kuwa sai ya hau iskan nan ya yi ta tafiya ba wahala, kamar mai kwalekwale da ya bi ruwa. Don haka tsuntsaye dubbai su ke wucewa ta wuri guda.

Maharba suka gane haka. A 1929 hukumar lardin ta sa ladan dala 5 ga wanda duk ya kashe wani irin shaho. Kowace kaka sai mutane su hau dutsen da bindigogi, su yi ta harbi, ba su zaɓe. Gawawwakin tsuntsaye suka cika gindin dutse.

Labari ya kai kunnen wata mace, sunanta Rosalie Edge. A 1934 ta karɓi hayar wurin, wajen eka 1,400, ta hana harbi. Ta ɗauki wani masanin tsuntsaye, Maurice Broun, da matarsa Irma, su tsare dutsen. Broun bai tsaya ga tsaro kaɗai ba. Kullum ya kan hau bisa da madubin hangen nesa da littafi, ya rubuta abin da ya wuce. Tun daga shekaran nan ake lissafin har yau, ba a fasa ba sai daga 1943 zuwa 1945, saboda yaƙi.

Ga yadda ake yi. Mai ƙirga ya kan zauna wuri ɗaya tun safe har yamma. Kowace sa'a ya rubuta irin tsuntsun da ya gani, da yawansa, da inda iska ta fito. Wanda ya wuce kudu shi ake ƙirgawa, ban da mazaunin wurin mai kai da kawowa. In garke ya yi yawa yana kewaya sama, sai a dakata har su miƙe su jeru, sa'an nan a ƙirga, don kada a maimaita. Ana kuma rarrabe babba da yaro. Akwai wata mikiya a ƙasar, babbarta farin kai gare ta, ƙaramarta kuwa duk jikinta baƙi-baƙi ne.

Nan amfanin rubutu ya bayyana. Daga 1935 zuwa 1939, cikin mikiya 100 da aka gani, 40 ƙanana ne. Daga 1955 zuwa 1959 sai suka koma 20. Watau manya suna nan, amma 'ya'ya suna ƙarewa. Ido kaɗai ba ya iya ganin wannan, gama wa zai tuna abin da ya gani shekara ashirin da suka wuce? Littafi kuwa ba ya mantuwa.

Wata masaniya, Rachel Carson, ta sa lissafin nan cikin littafinta na 1962, inda ta gargaɗi mutane a kan maganin ƙwari. Akwai wani magani, DDT, wanda ake fesawa a gonaki. Ruwa ya kwashe shi zuwa rafi, ya shiga jikin kifi, mikiya ta ci kifi. Sai ɓawon ƙwanta ya yi laushi, in ta kwanta a kai ya fashe. A 1972 hukumar Amurka ta hana fesa shi. Sannu a hankali mikiya ta yawaita, har a 2007 aka fitar da ita daga cikin tsuntsayen da ake tsoron ƙarewarsu.

Ka gani, dafin da ya taɓa ƙwan mikiya cikin ruwan mutane ya bi. Shaho kuwa, ko da shi ke ya kan ɗauki ɗan tsako, yana cin ɓera da fara masu ɓata hatsi. Kai da ka iya rubutu yanzu, nemi ɗan littafi. Rubuta ranar da ka fara ganin shamuwa bana, da yawan ungulun da ke sauka mahautar garinku. Baɗi ka sake, ka gwada.

Tambayoyi

1. Don me tsuntsaye su ke bin tsaunin nan?
2. Wane tsuntsu ne ba a ƙirgawa?
3. Ta yaya DDT ya kai ga ƙwan mikiya?