Sani da Sa'a a Gasar Talabijin: Nazarin Shirin High Rollers

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi High Rollers, wani tsohon shirin gasa na talabijin a Amurka wanda ya haɗa tambayoyi da jefa 'ya'yan lido. An nuna cewa amsa daidai a shirin ba ta kai mutum ga nasara kai tsaye, abin da take ba shi shi ne ikon zaɓen wanda zai ɗauki kasada.

1.0 Gabatarwa

Tashar NBC ta fara nuna shirin a shekarar 1974, ta dakatar da shi a 1976, sannan ta dawo da shi daga 1978 zuwa 1980. Merrill Heatter da Bob Quigley ne suka shirya shi. Mai gabatarwa kuwa shi ne Alex Trebek, haifaffen Kanada, wanda daga baya ya shahara da shirin Jeopardy! An sake farfaɗo da shi a 1987 a hannun Wink Martindale, sai dai bai yi tsawon rai ba. Tushensa wani tsohon wasan Turawa ne da ake kira Shut the Box.

2.0 Tsarin Wasan

Mutum biyu ne ke karawa. A gabansu akwai allo mai lambobi daga 1 zuwa 9, da 'ya'yan lido guda biyu. Mai gabatarwa zai yi tambaya, wanda ya amsa daidai sai ya zaɓa: ko ya jefa, ko ya tilasta wa abokin karawarsa ya jefa. Jimillar da ta fito ita ake cirewa daga allo. Idan 8 ta fito, ana iya cire 8 ɗin kanta, ko 5 da 3, ko 1 da 2 da 5. Wanda jifarsa ta ba da jimillar da ba za a iya haɗawa daga sauran lambobin ba, ya faɗi. A zubin 1978 an jera lambobin layi uku, kowane layi da kyautarsa, kuma wanda 'ya'yan lidonsa suka fito iri ɗaya yakan sami wata alama da za ta cece shi daga mummunar jifa sau ɗaya.

3.0 Inda Sani Yake Aiki

'Ya'yan lido biyu na iya faɗuwa ta hanyoyi 36. Shida daga ciki suna ba da 7, amma 2 da 12 kowace hanya ɗaya gare ta. A farkon wasa babu jifar da za ta kayar da mutum, domin duk jimilla daga 2 zuwa 12 tana haɗuwa. Saboda haka tambayar farko ba ta da wani nauyi, kowa jifa yake so.

Al'amarin yana juyawa yayin da allo ya fara yashewa. A ɗauka 2 da 9 kaɗai suka rage. Jifar da za ta yi amfani ita ce 2 ko 9 ko 11, wato hanyoyi 7 cikin 36. Sauran 29 duk faɗuwa ce. A nan wanda ya san amsa ba zai taɓa 'ya'yan lidon ba, miƙa wa abokin karawarsa zai yi, ya koma gefe yana kallo. Ke nan darajar tambaya ba ta rataya ga wahalarta ba, ta rataya ne ga halin da allo yake ciki a lokacin da aka yi ta. Duk da haka, wanda aka miƙa wa yana iya dacewa da 11 ya share allon, mai sanin ya tashi a tutar babu.

4.0 Kwatanci da Kacici-Kacici

Mun saba kiran kowace gasar tambaya da amsa kacici-kacici, a rediyo ne ko a makaranta. A ganin mai wannan nazari, sunan bai wadatar a nan ba. A kacici-kacicin gargajiya, wanda ya kasa amsa yakan ba da gari kafin a warware masa, don haka hukuncin yana bin rashin sani kai tsaye, babu abin da ya shiga tsakani. A High Rollers kuwa ɗan lido ne ya tsaya tsakanin sani da sakamako. Kiransa caca ma yana da rauni, tunda ɗan takara ba ya zuba kuɗinsa, ko da yake wannan magana ce da ta fi dacewa da malaman fiƙihu. Mai nazarin shirye-shiryen gasa na Hausa zai buƙaci ya tambayi kowane shiri abin da amsa daidai take saya wa mai ita: maki, ko kyauta, ko kuwa damar tura wani cikin haɗari.