Amsoshin Tambayoyinku: Shin Injiniya Ya Fi Iya Mulki?

Tambaya daga wani mai karatu a Dogon Dawa, ƙaramar hukumar Birnin Gwari: "A majalisarmu gardama ta ƙi ƙarewa. Wasu sun dage cewa da injiniyoyi ke riƙe da ƙasa, da tuni hanyar Funtuwa zuwa Birnin Gwari ta gyaru, zinaren dajinmu kuma ya amfane mu. Shin an taɓa yin injiniya a ƙasar Hausa da ya bar kamfani ya shiga siyasa har ya kai ƙoli? Me ya tsinana?"

An yi, malam, a maƙwabta ma. Mahamadou Issoufou, wanda magoya bayansa ke yi wa kirari da Zaki, Bahaushe ne ɗan Dandaji a jihar Tawa, an haife shi a 1952. Ya yi karatun injiniyan ma'adinai a Faransa, ya riƙe muƙamin darektan ma'adinai na Nijar daga 1980 zuwa 1985, sannan ya koma Arlit ya zama babban sakataren kamfanin SOMAIR mai haƙar yuraniyam. A lokacin can ake fasa dutse a makeken rami, a niƙa, a tace da sinadari har ya zama gari ruwan ɗorawa, a ɗura a durom, manyan motoci su kwasa su nufi tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Duk wannan ya san shi ciki da bai.

Sai dai takardar injiniya ba ta kai shi fada ba. A 1990 shi da abokansa suka kafa jam'iyyar PNDS-Tarayya. Ya nemi shugabancin ƙasa a 1993 ya zo na uku, Mahamane Ousmane da ya ci zaɓen ya naɗa shi firaminista, suka ɓata a shekarar da ta biyo baya. Ya sake tsayawa a 1996, da 1999, da 2004, duk bai samu ba. Biyun ƙarshe Tandja Mamadou ne ya kayar da shi a zagaye na biyu. Sai a 2011 haƙarsa ta cim ma ruwa. Shekara ashirin ke nan yana bin karkara yana gina jam'iyya, kuma a ganina wannan juriyar ce babban jarinsa.

Da ya hau, an ga hannun injiniya a Yamai: gadojin sama, sabuwar gada a kan kogin Kwara, filin jirgin da aka sabunta kafin taron Tarayyar Afirka na 2019. Amma inda ya kamata 'yan majalisarku su tsaya su duba shi ne ciniki da Areva, kamfanin Faransa mai kaso mafi tsoka a SOMAIR a lokacin. An sha ja-in-ja kafin a sa hannu a 2014. Areva ta yarda da dokar ma'adinai ta 2006 mai ƙara wa ƙasa haraji, ta yarda 'yan Nijar su shugabanci kamfanonin haƙar, ta kuma yi alƙawarin kuɗin gyaran hanyar Tawa zuwa Arlit. A gefe guda aka jingine aikin babbar mahaƙar Imuraren saboda faɗuwar farashi. Mutumin da ya san kowane lungu na sana'ar ke nan, amma iyakar abin da ya iya ƙwatowa ke nan, domin farashi da mai saye ba a hannunsa suke ba. Talakan Arlit bai fita daga ƙunci ba. Zinarenku ma, a dokar Najeriya, ikonsa na gwamnatin tarayya ne, kuma wanda ke riƙe da lasisi da wanda ke saye su ke yanke yawan abin da zai rage a gari.

Tsaro kuwa, wanda ku kuka fi kowa sanin zafinsa, lissafi bai magance shi ba. A Disambar 2019 an kashe sojoji 71 a Inates, wata guda bayan nan aka kashe 89 a Cinagodar. Zaɓen 2016 ma ya bar tabo, don abokin karawarsa Hama Amadou yana tsare aka shiga zaɓen, 'yan adawa suka ƙaurace wa zagaye na biyu.

Abin da na fi jinjina masa shi ne bai nemi tazarce ba. Ya cika wa'adi biyu ya miƙa wa Mohamed Bazoum a Afrilun 2021, karon farko a tarihin Nijar da zaɓaɓɓe ya miƙa wa zaɓaɓɓe, aka kuma ba Issoufou kyautar Mo Ibrahim. Sojoji sun kifar da Bazoum a Yulin 2023, kuma a 2025 suka mayar da SOMAIR mallakin gwamnati.